Amsoshin Tambayoyinku: Makarantar 'ya'yana ta mayar da komai kan waya, na daina jin muryar malami

Tambaya:

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. Tun farkon wannan shekarar karatu makarantar ta daina ba da katin sakamako na takarda. An ba kowane gida lambar sirri, aka ce mu riƙa shiga fotal ɗin makaranta muna duba makin yara, da ranakun da suka yi fashi, da kuɗin da ake bin mu. An kuma ƙara mana wani kuɗi a kan haka. Maigidana ya ce ci gaba ne, in yi haƙuri zan saba. Ni dai abin da na lura, malamin ajin babbar 'yata, wanda a da yakan kira ni in ya ga wani sauyi a tattare da ita, tun da aka fara wannan tsari ban ƙara jin muryarsa ba. Don Allah wannan abu yana da amfani kuwa, ko wata hanyar karɓar kuɗi ce kawai? Kuma mene ne abin yi?

Daga wata uwa, Kaduna.

Amsa:

Allah ya raya zuri'a, ya yi musu albarka.

Maigida yana da gaskiya, ke ma kina da ita. Tsarin yana da amfani, an gwada shi an gani a ƙasashe da dama. Sai dai yadda makarantarku ta miƙa muku shi, amfanin ba zai iso gidanku ba, kuma abin da kika ce kin rasa, wato kiran malami, ya fi duk abin da ke cikin fotal ɗin daraja. Zan bi da ke a hankali, domin in kin tashi zuwa makarantar ki je da hujja a hannu.

A kowace makaranta akwai littattafai uku da komai ya rataya a kansu: rajistar kiran suna, littafin maki, da littafin kuɗin makaranta. Manhajar da aka sayar wa makarantarku haɗa ukun nan ta yi a rumbu ɗaya a intanet. Malami ya shigar da makin tes da na jarrabawa, kwamfuta ta tara, ta fitar da abareji, ta jera ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san azabar makon ƙarshen zango, lokacin da malamin aji zai kwana yana kwafe makin yara hamsin ko sittin a darussa goma sha wani abu, kuskure ɗaya ya sa a sake lissafin aji gaba ɗaya. Sauƙin da na'ura ta kawo a nan na gaske ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi wa malamai baƙin cikinsa ba. Mai makaranta shi ma yana gani a allon wayarsa wa ya biya, wa bai biya ba, wane malami ne bai shigar da maki ba.

To amma mai makaranta ne ke sayen manhajar, don haka buƙatarsa aka fara dubawa. Kasuwa ce babba. PowerSchool, wadda ta fi kowace yaɗuwa a makarantun Amurka, an kafa ta a 1997, kamfanin Apple ya saye ta a 2001, ta yi ta sauya hannu, har a 2024 kamfanin Bain Capital ya saye ta a kan dala biliyan 5.6. A Faransa Pronote ce ta mamaye makarantun sakandare. A nan Najeriya ma muna da namu, irin su SAFSMS ta kamfanin FlexiSAF da Edves. Dukkansu suna buɗe wa iyaye wata ƙofa ta leƙawa. Abin tambaya shi ne, iyaye nawa ne ke bin ta ƙofar?

An ƙirga. Wani masanin tattalin arzikin ilimi a Amurka, Peter Bergman, ya bi diddigin bayanan wani kamfani da ke yi wa makarantu masu yawa wannan aiki, sai ya tarar kusan gida ɗaya cikin huɗu ne kacal ya taɓa shiga shafin, ko da sau ɗaya ne. Makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa, da waɗanda ɗalibansu suka fi rauni a karatu, nan ne masu shiga suka fi ƙaranci. Wannan fa a Amurka ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet ke kusan kowane gida, kuma shafin da harshen mafi yawan iyayen aka rubuta shi. Sai ki auna da namu hali: kuɗin data, sabis da ke zuwa yana tafiya, lambar sirri da aka rubuta a wata 'yar takarda ta ɓace, ga kuma iyayen da ƙaramar waya mai madannai kawai suke riƙewa. Ma'ana, uban da dama can yana bibiyar karatun ɗansa shi ya sami ƙarin hanya. Wanda ɗansa ya fi buƙatar a sa masa ido, shi aka bari a baya, kuma yanzu an karɓe masa takardar da a da take zuwa gida sau uku a shekara.

Akwai wani abin da ya fi wannan damuna, kuma na tabbata wasu iyayen za su gane gidajensu a ciki. A gidaje da yawa yaron ne ya iya wayar. Shi ake miƙa wa a ce, “Duba mana sakamakonka.” Shi ke riƙe da lambar sirrin, shi ke karantawa, shi ke fassarawa. Alhali babban dalilin haɗa iyaye da makaranta kai tsaye shi ne kada labarin yaro ya biyo ta hannun yaron kaɗai. Ba don yaranmu maƙaryata ne ba, a'a, yaro ne, kuma babu yaron da zai dawo gida ya ce da bakinsa, “Umma, yau na gudu daga ajin lissafi.” In an tambaye shi aikin gida, amsar a shirye take: ba a ba mu ba.

Fotal tamkar rijiya ce a bayan gari: ruwan na nan, amma sai mai guga da igiya da ƙarfin tafiya. Saƙon da makaranta ta turo miki a waya kuwa ɗan garuwa ne da ya sauke miki ruwan a ƙofar gida. Gwaje-gwajen da zan kawo miki da suka nuna amfani mai auki, na biyun nan suka yi.

Ga misali. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, Bergman da abokin aikinsa Eric Chan sun yi gwaji a makarantun sakandare 22 a gundumar Kanawha ta jihar West Virginia. Ba su ɗora wa malamai wani sabon aiki ba. Sun dai jona manhajar makarantun da na'urar aika saƙon tes, ta yadda duk mako uwa ko uba zai sami saƙo: ɗanki bai kawo ayyuka kaza ba a darasi kaza, ya yi fashin aji kaza. In abarejinsa ya faɗi ƙasa da 70 cikin 100 a wani darasi, a ƙarshen wata a sanar da gida. Ki lura, fashin aji-aji ake ƙirgawa, domin yaro kan amsa kiran suna da safe sannan ya sulale bayan tara. Da aka kwatanta da yaran da ba a tura wa iyayensu saƙo ba, faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, halartar aji ta ƙaru da kashi 12 cikin 100, kuma yaran da ke can ƙasan aji su suka fi cin moriya. Gaskiya ɗaya ce, sakamakon babbar jarrabawar jiha bai motsa ba. Saƙo yana iya mayar da yaro aji ya sa shi yin aikinsa, amma ba ya koyar da shi. Duk da haka, yaron da ke cikin aji yana da damar da na bayan katanga ba shi da ita.

Dalilin da ya sa hakan ya yi aiki a bayyane yake. Labarin ya zo a kan lokaci, kuma a kan abin da uwa za ta iya gyarawa a daren nan. “Bai kawo aikin lissafi na ranar Talata ba” magana ce da za a zauna a kanta bayan sallar isha'i. “Ya zo na 38 cikin 45” a ƙarshen zango kuwa ihu ne bayan hari.

Sai batun yadda ake shigar da iyaye cikin tsarin saƙon tes ɗin, wanda mutane ke rainawa. A birnin Washinton, Bergman da Todd Rogers na Jami'ar Harvard da Jessica Lasky-Fink sun raba iyaye kusan 7,000 na makarantu 12 gida-gida. Wasu aka ce su shiga shafin intanet su yi rajista, kamar yadda aka ce da ku. Waɗanda suka yi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Wasu aka ce su mayar da amsar tes da kalma ɗaya kawai, sai kashi 11 suka yi. Rukuni na uku aka sa su kai tsaye, aka ce wanda ba ya so ya faɗa a cire shi, sai kashi 95 suka zauna, kuma a wannan rukunin ne aka ga makin yara ya ɗaga. Saƙo ɗaya ne, iyaye iri ɗaya ne, hanyar shiga ce kawai ta bambanta. Da masu binciken suka nemi shugabannin makarantu su yi hasashen yadda sakamakon zai kasance, hasashensu ya yi nisa da gaskiya: sun zaci iyaye da yawa za su je su yi rajistar da kansu. Saboda haka ba na saurin zargin hukumar makarantarku da mugun nufi. Mai yiwuwa har ga Allah sun ɗauka raba lambar sirri ya wadatar.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci miki rai.

Lamba tana faɗa miki abin da ya faru, ba ta faɗa miki dalili. A ce kin buɗe fotal kin ga 'yarki ta ci 35 a lissafi, alhali a zangon baya 70 ta ci. Me ya faru? Wataƙila an mayar da ita kujerar baya kuma idonta ba ya hango allo. Wataƙila zazzaɓi ya kwantar da ita a makon da aka fara sabon babi, daga nan zaren ya kufce mata. Wataƙila wasu 'yan aji ne suka sa ta a gaba da tsokana, ko an sauya malamin darasin, ko ta shiga shekarun da 'ya mace ke fama da sauyin jiki tana jin kunyar faɗa. Ko ma malamin ne ya yi kuskuren dannawa, 53 ta koma 35. Duk waɗannan lamba ɗaya za su nuna miki, kuma kowanne maganinsa daban. Wanda ya san wanne ne daga ciki shi ne mutumin da yake tsaye a gabanta kullum, ya ga ta daina ɗaga hannu, ya ga ta daina fita tara. Abin da malamin nan yake ba ki a da in ya kira ke nan. Babu gurbin rubuta shi a manhaja, in ma akwai, 'yan kalmomi ne da ake zaɓa daga jeri, iri ɗaya ga rabin aji.

Wannan ma an auna shi. Matthew Kraft da Todd Rogers sun wallafa wani bincike a 2015 a kan ɗaliban sakandare da ke maimaita darussan da suka faɗi a lokacin hutu. Malamai suka riƙa rubuta jimla ɗaya tak duk mako a kan kowane yaro, ana isar wa iyayensa. Waɗanda suka kasa tsallake darasin suka ragu daga kusan kashi 16 cikin 100 zuwa kusan kashi 9. Kuma saƙon da ya fi tasiri shi ne wanda ya faɗi takamaiman abin da yaron zai gyara, ya fi wanda ya tsaya a yabo. A nan nahiyarmu, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, ƙungiyar Young 1ove ta Botswana da wasu masu bincike sun yi gwaji da gidaje kimanin 4,500. Wasu aka riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta tes kawai, wasu aka haɗa musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20 duk mako. Tes shi kaɗai bai kawo wani sauyin a zo a gani ba. Da aka haɗa da muryar mutum, karatun yaran ya ƙaru.

To me ya sa malamin ya yi shiru? Kada ki yi saurin ɗaukar cewa ya daina kula. A makarantu da yawa zuwan manhaja bai kori takarda ba, sai malami ya zama yana cike rajista da biro, sannan ya zauna ya sake shigar da ita a waya, sau da yawa da datarsa. Lokacin da a da yake kiran iyaye nan ya tafi. Sannan akwai wata nutsuwa ta ƙarya da tsarin ke kawowa kowane ɓangare. Malami ya ce a ransa, ai na sa a fotal, sun gani. Uwa ta ce a ranta, da akwai matsala da an kira ni. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya sani, yarinya kuwa tana tsakiya tana nutsewa. Wasu makarantun kuma da kansu suke hana malamai kiran iyaye, su ce komai ya bi ta ofis, don tsoron kada malami ya janye musu ɗalibai zuwa lesin.

Akwai kuma ɗaya gefen, na iyayen da suka iya shiga har abin ya zame musu jaraba. Maki na faɗowa da dare, uba ya gani kafin yaron ma ya ga takardarsa, a tashe shi da faɗa, da safe a kira malami ana musu a kan maki biyu. Zumuncin malami da iyaye ya koma ƙarar maki. A Faransa abin ya kai ga a 2025 ministar ilimi ta lokacin, Élisabeth Borne, ta sanar da cewa a daina sabunta maki da ayyuka a irin waɗannan shafuka daga ƙarfe 8 na dare zuwa 7 na safe, da kuma ƙarshen mako, domin yara da iyaye da malamai su sarara. Sau ɗaya a mako ya ishe ki dubawa, Hajiya, kuma in kin ga abin da bai yi miki daɗi ba, ki fara tambayar yarinyar cikin lumana kafin ki yanke hukunci.

Wannan ya kawo ni ga wani haɗari da ya fi kusa da mu. Labari marar bayani yana iya cutar da yaro. A Malawi, Rebecca Dizon-Ross ta Jami'ar Chicago ta yi bincike a makarantun firamare 39 a gundumomin Machinga da Balaka. Ta tarar iyaye da yawa ba su san ainihin matsayin 'ya'yansu a karatu ba, musamman waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, duk da cewa makarantun suna ba da katin sakamako. Da aka zauna aka yi musu bayani dalla-dalla, sai suka gyara yadda suke kashe wa yaran kuɗi, suka riƙa zaɓa musu littafin da ya dace da matakinsu. Wannan alheri ne. Amma an kuma ga cewa yaran da suka fi ƙoƙari sun fi zama a makaranta, masu rauni kuwa barin makarantarsu ya ƙaru. A ƙauyukan arewacin Ghana kuma, Elisabetta Aurino da Sharon Wolf sun gwada tura wa iyaye saƙonnin ƙarfafa gwiwa a kan karatun yara, sai suka ga a gidajen da iyayen ba su yi boko ba saƙonnin ba su taimaka ba, har koma baya aka samu. Mu da muka san gidajenmu mun san abin da saƙon “ɗanka ya faɗi” zai iya haifarwa in ya zo shi kaɗai. Wani gidan bulala ce. Wani gidan kuma, in 'ya mace ce, sai a ce tun da ba ta ja, a bar asarar kuɗi. Malamin da ya kira da bakinsa zai ce, “Alhaji, yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, abu kaza ne ya tare ta, a ba ni zango ɗaya.” Wannan jimlar ta ceci karatun yara da yawa, kuma na'ura ba za ta faɗe ta ba.

Ki kuma duba wayar wa aka rubuta a makarantar. Yawanci lambar maigida ce, domin shi ke biyan kuɗi. Shi kuwa yana kasuwa ko ofis ko kan hanya, saƙon ya shige cikin tarin saƙonnin talla. Wadda ta san ko yaro ya karya kafin ya fita, da ƙarfe nawa ya dawo, da yadda fuskarsa take, ita ba a rubuta tata ba. Gyaran wannan bai fi minti biyu ba, amma sai an nema.

Zauren WhatsApp na iyayen aji ba zan daɗe a kansa ba. Yana da kyau ga sanarwar hutu da ranar komawa. Amma makarantar da ke lissafo sunayen waɗanda ake bi bashi a ciki, ko ta liƙa makin aji gaba ɗaya kowa na gani, ta ci mutuncin gidaje, kuma yara ne ke kwasar kunyar washegari.

Daga nan sai sirrin bayanan kansu. Abin da ke cikin rumbun nan ya wuce maki: sunan yaro da hotonsa, ranar haihuwa, adireshin gida, lambobin iyaye, wani lokaci har larurar da yake fama da ita. A Disambar 2024 an yi wa PowerSchool kutse da lambar sirrin wani ma'aikaci da aka sace, aka kwashi bayanan ɗalibai sama da miliyan 60 da na malamai miliyoyi a Amurka da Kanada. Kamfanin ya biya kuɗin fansa don a goge bayanan, amma bayan 'yan watanni aka koma ana yi wa wasu hukumomin makarantu barazana da su. Wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 19 a jihar Massachusetts ya amsa laifin, kotu ta ɗaure shi shekara huɗu. In haka ta sami kamfanin biliyoyin daloli, bai kamata a ga laifin uwar da ta tambayi makaranta inda ake ajiye adireshin gidanta ba, balle a wannan yanayi na tsaro da muke ciki. Doka tana bayanki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba ki damar sanin abin da aka ajiye a kanku da neman a gyara kuskure, ta ba bayanan yara kariya ta musamman, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Ki tambaye su wane kamfani ne ke riƙe da bayanan, su wa ke iya gani, kuma me ake yi da su in yaro ya bar makarantar.

Game da kuɗin da aka ƙara, kamfanonin nan suna cajin makarantu, galibi a kan kowane ɗalibi, don haka karɓar wani abu daga iyaye ba zalunci ba ne a karan kansa. Amma kina da haƙƙin sanin abin da kuɗinki ya saya. Ɓangaren da ya fi amfanar yara shi ne ya fi araha: a gwajin West Virginia saƙonni sama da 32,000 aka tura, kuɗin turawar dala 63 ne kacal. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bankuna suna turo alat ga mai ƙaramar waya, JAMB ma tana ba da sakamako ta tes a lambar 55019. Makarantar da ta karɓi kuɗin fotal ta ce ba za ta iya turo saƙo ranar da yaro bai zo ba, ta sayi sauƙin ofishinta ne da kuɗin iyaye. Abin da kuma ban yarda da shi ba sam shi ne toshe wa gida duk bayanan yaro saboda ragowar kuɗin makaranta. Makaranta tana da haƙƙin neman kuɗinta. Amma labarin cewa yaro ya bar gida da safe bai isa aji ba, magana ce ta tsaron rai, ba a yin garkuwa da ita saboda bashi.

Abin yi, ki fara da malamin. Ki je da ƙafarki, ki gaishe shi, ki gaya masa kiran da yake yi yana da daraja a wurinki, ki tambaye shi abin da ya tare shi. Zai yi wuya ki fito ba ki ji gaskiyar abin da ke faruwa ba. Ki ba ofis lambarki a ƙara a kan ta maigida, ki sauya lambar sirrin ta zama a hannunki, in kuma shigar tana ba ki wahala ki nemi wani babba ya nuna miki, kada ki bar wa yaran. Sauran kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, na taron PTA ne, kuma ki nemi wasu iyaye mata ku tafi da murya ɗaya. Ku nemi a riƙa turo tes a ranar da yaro ya yi fashi, da saƙo ɗaya a mako a kan ayyukan da bai kawo ba, ga kowane gida ba sai ya yi rajista ba. A rubuta da Hausa ga wanda ya zaɓi haka, wanda ba ya karatu a tura masa saƙon murya. Duk wanda ya nemi katin sakamako na takarda a buga masa. Ranar ganawar iyaye da malamai ta zauna daram kowane zango. Sannan a ware wa malaman aji lokaci a cikin jadawali, da katin waya daga aljihun makaranta, su kira gidan duk yaron da makinsa ya faɗi ko ɗabi'arsa ta sauya. Wannan na ƙarshen shi ne zai fi fuskantar turjiya domin yana cin kuɗi da lokaci, kuma shi ne bai kamata ku sassauta a kansa ba.

Ku kuma masu makarantu da ke karanta wannan fili, kamfanin da ya sayar muku da manhajar yana iya faɗa muku adadin gidajen da suka taɓa shiga fotal ɗinku tun da kuka buɗe shi. Don Allah ku nemi wannan adadi kafin taron PTA mai zuwa, ku karanta shi a gaban iyaye, sannan ku faɗa musu yadda za ku isa ga sauran.